Bayan dashen zuciya: a zauna kan CellCept ko a koma Certican da Rapamune?

Wannan tambayar tana zuwa wa kusan duk gidan da aka yi wa nasu dashen zuciya a waje ya dawo Abuja, yawanci bayan gwajin shekarar farko ko ta biyu, sai likitan can ya turo saƙo ta WhatsApp cewa bangon jijiyoyin zuciyar ya fara kauri, yana so a cikin magungunan danne garkuwar jiki a cire CellCept a sa Certican ko Rapamune, ku je ku yi shawara. Ni ba likita bane, ni ne dai mai riƙe da fayil ɗin yayana da sayo masa magani tun da aka yi masa aikin a Indiya, kuma na zauna na karanta abin nan sosai na kuma takura wa likitoci da tambaya, shi yasa nake so in shimfiɗa muku yadda na fahimce shi. Hukuncin ƙarshe na likitan dashen ne, wannan babu jayayya, amma wanda ya san abin da ake aunawa shi ke iya gaya wa likita gaskiyar halin da muke ciki a nan, kuma wallahi wannan gaskiyar tana iya canja shawarar gaba ɗaya.

Ciwon da ake tsoro likitoci na kiransa CAV a taƙaice, kuma ba irin toshewar jijiyar zuciya da muka saba ji bane ta masu hawan jini da kitse. Waccan kamar bututun ruwa ne da datti ya taru a wuri ɗaya, ka samu wurin ka buɗe ruwa ya wuce, ita kuwa wannan bututun ne gaba ɗayansa yake tsukewa daga ciki, tun daga babbar jijiya har ƙananan rassan da ido baya gani. Dalili shine garkuwar jikin mutum bata taɓa mantawa cewa zuciyar nan baƙuwa ce, kullum tana ɗan taɓa shimfiɗar cikin jijiyoyin, jiki kuma yana ta ƙoƙarin gyara, ƙwayoyin naman bangon suna hayayyafa suna taruwa har hanyar jini ta ragu. Ƙwayar cutar CMV, suga, kitse a jini, hawan jini, shekarun wanda ya bada zuciyar, duk suna ƙara rura wutar. Alƙaluman ƙungiyar masu dashen zuciya da huhu ta duniya, ISHLT, sun nuna wajen kashi 8 cikin 100 suna da shi a shekarar farko, wajen kashi 30 a shekara biyar, kusan rabi a shekara goma. Abin da ya fi tada min hankali shine an yanke jijiyoyin saƙo na zuciyar lokacin aikin, saboda haka da yawa basa jin ciwon ƙirjin nan da ke zama gargaɗi ga sauran mutane, sai dai ka ga mutum yana haki in ya hau bene, ko ƙafa ta kumbura, ko kuma Allah ya kiyaye ya faɗi kawai. Shi yasa ake dagewa kan hoton jijiyoyi duk shekara ko shekara biyu, da kuma IVUS, wata 'yar na'urar sikanin da ake zurawa cikin jijiyar kanta ta auna kaurin bango. In kaurin ya ƙaru da milimita 0.5 ko fiye a shekarar farko, an san wannan mutumin yana cikin haɗari nan gaba.

Yanzu maganar tsirowar sababbin jijiyoyi, wadda nan ne mutane da yawa suke ruɗewa, har wani ɗan uwanmu ya taɓa ce min "to Malam, tunda hanyar ta tsuke me zai hana a bashi maganin da zai sa sababbi su fito su zagaye?" Tunani ne mai kyau kuma masana ma sun yi shi. Akwai wani sinadari a jiki mai suna VEGF, shi ke ba da umarnin a tsiro da sababbin ƙananan jijiyoyin jini, kamar lokacin da ciwo ke warkewa. An gwada ɗura shi ga masu ciwon jijiyar zuciya na yau da kullum, a gwajin VIVA da aka wallafa a 2003, amma a ma'aunin da aka sa gaba bai fi allurar da babu magani a cikinta ba. A zuciyar da aka dasa kuwa lamarin ma juyawa yake. Masu bincike a Helsinki sun nuna a ɓeraye cewa in aka ƙara VEGF a zuciyar da aka dasa, kaurin bangon ƙaruwa yake, domin shi sinadarin yana janyo ƙwayoyin garkuwa masu kawo kumburi, kuma ƙananan jijiyoyin da ke tsirowa a cikin bangon da ya yi kauri su ke ciyar da kaurin su kuma buɗe wa ƙwayoyin garkuwa hanyar shiga. Wato sababbin jijiyoyin suna fitowa, amma a wurin da ba a son su. Wannan shi ne tushen bambancin magungunan nan biyu, in ka riƙe shi sauran duk zai zo maka da sauƙi.

CellCept, wanda sunansa na asali maikofenolet, akwai ɗan uwansa Myfortic, aikinsa hana ƙwayoyin garkuwa hayayyafa ta hanyar toshe musu wani sinadari da suke buƙata. Shi ya maye gurbin tsohon maganin azatayoprin bayan babban gwajin 1998 na mutum 650, inda waɗanda suka sha shi suka fi tsira a shekarar farko. Yana ɗan rage kaurin jijiya fiye da tsohon, amma ba nan ƙarfinsa yake ba, ƙarfinsa shine yana riƙe zuciya kar jiki ya yi mata bore, baya taɓa ƙoda, baya hana ɗinki warkewa, kuma baya buƙatar a riƙa auna shi a jini duk wata. Haɗinsa da Prograf, wato takrolimus, wanda shi ma maganin danne garkuwa ne, shi ne abin da mafi yawan cibiyoyin dashe a duniya suke sallamar mutum a kai. Matsalarsa ciki ne. Gudawa, tashin zuciya, murɗa, wani har ya rame, sannan fararen ƙwayoyin jini suna iya sauka sosai a dole a rage shi, kuma CMV ta fi samun kafa a kansa.

Akwai abu ɗaya da dole in faɗa da babbar murya saboda mata, musamman ganin cewa a yankinmu mata masu ƙuruciya da yawa ciwon zuciyar bayan haihuwa ne ke kai su ga wannan matsayi. CellCept yana da mugun haɗari ga juna biyu, kusan rabin cikin da aka samu a kansa zubewa yake, kuma wajen ɗaya cikin huɗu na jariran da aka haifa suna zuwa da nakasa, a kunne ko leɓe ko zuciya. Dole ne tazarar haihuwa mai ƙarfi, kuma in ana son ciki sai likita ya canja maganin aƙalla sati shida kafin nan. Kar kunya ta sa a yi shiru, miji da mata su shiga wajen likita tare su faɗa. Su Certican da Rapamune ma ba na masu ciki bane, don haka wadda ke neman haihuwa hanyarta daban ce gaba ɗaya.

Rapamune shine sirolimus, an samo shi daga wata ƙwayar halitta a ƙasar tsibirin Rapa Nui da ke tekun Pasifik, Certican kuma eberolimus ne, ƙaninsa da aka ɗan gyara, a Amurka ana sayar da shi da sunan Zortress. Su biyun suna danne wani makunni a cikin ƙwayar halitta da ake kira mTOR, kuma makunnin nan ba na ƙwayoyin garkuwa kaɗai bane, shi ke gaya wa ƙwayoyin naman bangon jijiya su hayayyafa, shi kuma ke taimakawa wajen kera VEGF. Saboda haka suna bugun ciwon ta fuska uku lokaci guda, garkuwa, kaurin bango, da tsirowar jijiyoyin da ke ciyar da shi. Shi yasa ma ake shafa su a jikin 'yar ragar ƙarfen nan da ake sawa a buɗe jijiyar zuciya, don kar wurin ya sake tsukewa.

Kuma a kan kaurin jijiya babu wata gardama, sun fi. Gwajin 2003 na mutum 634 ya nuna cewa a shekara ɗaya kashi 52.8 na masu azatayoprin sun samu kaurin da ake kira CAV, masu eberolimus kuwa kashi 35.7 da 30.4 gwargwadon yawan da suka sha, CMV ma ta ragu sosai. A Ostareliya da Niyu Zilan an ga irin haka da sirolimus a 2004. Gwajin da ya fi shafar tambayarmu shine na 2013, mutum 721, inda aka kwatanta eberolimus da CellCept kai tsaye, a waɗanda aka yi wa IVUS kashi 12.5 ne suka samu CAV a ɓangaren eberolimus, kashi 26.7 a ɓangaren CellCept. In ka tsaya a nan zaka ce to me ake jira. Amma a wannan gwajin dai an dakatar da rukunin masu shan miligram 3 a rana saboda mutuwa ta fi yawa a cikinsu, kuma ko a masu miligram 1.5 an ga ƙarin mutuwa a wata ukun farko, galibi daga kamuwa da cuta, musamman waɗanda aka fara danne musu garkuwa da allura mai ƙarfi lokacin aikin. Wannan ne ya sa hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta sa gargaɗi a kwalin Zortress cewa bata ba da shawarar amfani da shi a dashen zuciya ba, alhali a Turai Certican yana da izini, kuma su kansu manyan cibiyoyin Amurka suna amfani da magungunan bayan mutum ya wuce watannin farko.

Ka ga kenan abin da ke sa su yi amfani shi ne dai ke sa su yi ɓarna. Maganin da ke hana sababbin jijiyoyi tsirowa a bangon jijiyar zuciya shi ke hana su tsirowa a ƙashin ƙirjin da aka tsaga aka ɗaure da waya, sai ɗinki ya ƙi kamawa, ruwa ya taru a jakar zuciya, ciwo ya ɗauki ƙwayar cuta. Don haka ni a ganina tambayar wanne ya fi ba ita ce babba ba, babbar ita ce yaushe. Da wuri sosai akwai haɗari, in aka makara sosai kuma amfanin ya ragu, domin bangon da ya riga ya zama tabo mai tauri magani baya narkar da shi. Asibitin Mayo a Amurka sun bi mutum 402 suka wallafa a 2018 cewa waɗanda aka mayar kan sirolimus kaurinsu ya fi tafiya a hankali kuma sun fi tsira, kuma waɗanda aka mayar kafin cika shekara biyu su suka fi cin moriya. Ba gwajin da aka raba marasa lafiya da ƙuri'a bane, bin fayil ne, amma ya yi daidai da abin da hankali ke bayarwa.

Sai ƙoda, wadda nan ma akwai tarko. Prograf da saiklosporin, wani maganin danne garkuwa irinsa, suna cin ƙoda a hankali cikin shekaru. In aka cire CellCept aka sa Certican aka bar Prograf a yawansa na da, ƙodar zata fi shan wuya, don haka dole a rage Prograf ɗin. Akwai kuma wata hanya ta daban, a bar CellCept a cire Prograf ɗin a sa Certican a madadinsa. A ƙasashen Sikandinebiya gwajin SCHEDULE na mutum 115 a 2014 ya yi haka da saiklosporin tsakanin sati 7 zuwa 11 bayan aiki, ƙoda ta fi lafiya, kaurin jijiya ya ragu, amma boren jiki da ake gani a gwajin tsokar zuciya ya ƙaru. Su can suna iya ciro 'yar tsokar zuciya su duba duk lokacin da suka so, mu da sai mun nemi biza da tikiti kafin a yi mana, wannan hanyar sai an yi taka-tsantsan ƙwarai. Kuma duk wanda furotin ke zuba a fitsarinsa da yawa, su Rapamune suna iya ƙara masa, shi yasa ake gwada fitsari kafin a fara.

Zama da Certican ko Rapamune kullum kuma wani abu ne da takarda bata nuna maka. Gyambon baki shi ya fi damun yayana a farkon da aka canja masa magani, ƙananan farare masu zafi a gefen harshe da cikin leɓe, mutumin da baya cin tuwo sai da yaji ya koma kunu da fura mara tsami, ko burushi sai a hankali, ina ganinsa yana juya cokali a kwano ya kasa kaiwa baki. Da aka ɗan rage yawan maganin aka bashi na kurkure baki ya lafa. Ƙafa tana kumbura har takalmin sallar Juma'a ya ƙi shiga, kuma a mai dashen zuciya duk kumburin ƙafa sai an yi sikanin zuciya an tabbatar maganin ne ba zuciyar ba. Kitse a jini yana hawa, ƙuraje suna fitowa, ga maza maniyyi yana iya raguwa duk da yawanci yana dawowa in an daina, akwai kuma wani kumburin huhu da suke kawowa jefi-jefi, busasshen tari da haki, wanda a nan cikin sauƙi za a ɗauka tibi ne ko sanyi. A gwaje-gwajen nan mutane da yawa sun bar maganin saboda irin waɗannan, ba ƙaramin abu bane. A ɗaya gefen kuma suna rage CMV da wasu nau'in ciwon daji na fata, har ciwon Kaposi an ga yana ja da baya a masu dashen ƙoda da aka mayar kan sirolimus.

Tsakanin Certican da Rapamune kuwa bambancin kaɗan ne, Certican sau biyu a rana kuma yana barin jiki da sauri, Rapamune sau ɗaya kuma yana daɗewa kusan ninki biyu, don haka in matsala ta taso Certican ya fi saurin gyaruwa. Wanda zaka iya samu ba yankewa shi ne naka.

To nan ne maganar Abuja ta shigo, kuma nan na fi so likitan waje ya saurare mu. Su Certican sai da awon jini, ana neman ma'aunin Certican ya tsaya tsakanin 3 da 8, a ɗebi jinin da safe kafin a sha na safen, a kwalba mai murfin shunayya, in mutum ya manta ya sha kafin a ɗiba to sakamakon ya tashi a banza. Tambayi ɗakin gwajin da kake zuwa, a Garki yake ko Wuse ko Gwarinpa, shin suna auna shi a nan ko turawa suke, kuma kwana nawa sakamako ke ɗauka. Takrolimus da CellCept sun fi sauƙin samu saboda ana dashen ƙoda a ƙasar nan tun tuni, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano tun 2002 yake yi, a Abuja ma ana yi, masu ƙodar kuma magani ɗaya suke sha da namu, saboda haka manyan famasi sun san su. Certican da Rapamune sun fi wuyar samu kuma sun fi tsada, sau da yawa sai an yi oda ko wani matafiyi ya riƙo. Maganin da ya fi a takarda amma ake yankewa sati biyu ana jiran kaya, CellCept ɗin da ake sha kullum ba fashi ya fi shi nesa ba kusa ba. Duk kwalin da ka saya ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kar kuma a riƙa tsalle daga wannan kamfani zuwa wancan ba tare da an sake awon jini ba.

Tibi ma tamu ce, dole a sa ta a lissafi. Rifampisin da ke cikin maganin tibi yana sa hanta ta ƙone Prograf da Certican da Rapamune da sauri, ma'auninsu ya faɗi ƙasa warwas, jiki ya juya wa zuciyar. Kilaritromaisin da fulukonazol da diltiyazem kuma akasin haka suke, suna sa su hau. Don Allah kar a shiga kemis a ce a haɗa na tari ko na ciwon jiki, daikulofenak da ibuprofen suna gama ƙodar mai shan Prograf, jiƙe-jiƙen gargajiya kuma a ajiye su gefe ko da Hajiya ce ta aiko da su daga gida da kyakkyawar niyya. Mutanenmu na Afirka ta Yamma da yawa hantarsu tana sarrafa takrolimus da sauri ta gado, shi yasa zaka ga ana bamu adadi mai yawa kafin ma'auni ya cika, kar wannan ya tsorata kowa. Azumi kuma a tambayi likita tun kafin Ramadan ya matso, domin magani ne na duk awa 12 ga kuma ƙishirwa da ke takura ƙoda, kuma addini ya yi wa mara lafiya rangwame.

Duk wanda aka zaɓa, maganin kitse baya cikin abin da ake cirewa ko da kwalastaral ɗin mutum lafiya lau yake. A gwajin 1995 na mutum 97, kashi 94 na masu shan prabastatin sun kai shekara da rai, waɗanda basu sha ba kashi 78, kuma kaurin jijiyar masu shan ya fi ƙanƙanta. Arha ne, yana ko'ina, sai dai likita ne zai zaɓi nau'in domin simbastatin da saiklosporin basa haɗuwa, suna narkar da tsoka.

Ni dai in aka ce in faɗi nawa, wanda bai wuce wata uku zuwa shida da aiki ba, ko ɗinkinsa bai gama kamawa ba, ko yana jiran wata tiyata, ko fitsarinsa na zubar da furotin, ko ba zai samu awon jini da magani a kai a kai ba, ya zauna kan Prograf da CellCept da maganin kitse, ya dage kan suga da hawan jini da gwajin shekara. Wanda kuwa IVUS ya nuna kaurin yana tafiya, yana cikin shekara biyun farko, ko CMV tana ta dawo masa, ko ƙodarsa ta fara gajiya, kuma gidansu sun tabbatar da hanyar samun maganin na aƙalla wata uku a gaba, to ni ina bayan a koma Certican ko Rapamune, kuma kar a ja lokaci, domin in jijiyoyin suka tsuke gaba ɗaya ragar ƙarfe wuri ɗaya kawai take buɗewa, abin da ya rage sai sake dashe. In za a canja, a roƙi likita ya rubuta komai a takarda ɗaya, ma'aunin Prograf da ake nema bayan canjin, ranar awon farko wanda ga Certican kwana huɗu zuwa biyar ne, ga Rapamune wajen sati, da ranar sikanin zuciya na gaba, a kai kwafi ɗaya wa likitan zuciyar da ke duba shi a nan Abuja, ɗaya kuma ya zauna a jakar mara lafiyar don duk likitan da zai taɓa shi da wuƙa, har na haƙori, ya gani kafin ya fara.